Jan-hannu, rogon Babana da ya ƙi zama a kwalba

A Ikorodu aka yanke mini cibiya, a nan na girma, kuma har yau a nan nake koyar da darasin noma a wata makarantar sakandare. Duk shekara sai an sami ɗalibin da zai tambaye ni abin da ya kai 'yar mai gadi karatun noma. Nakan ce rogo ne. Wani iri guda ɗaya tak nake nufi, wanda muke kira Jan-hannu a gidanmu, saboda hannun ganyensa ja ne jawur, sai ka ce an ƙunsa masa lalle.

Babanmu mutumin ƙasar Bichi ne. Ci-rani ne ya kawo shi Ikko, kamar yadda yake kiran Legas har gobe. Ya yi dakon albasa da tumatir a kasuwar Mile 12 har gashin tsakar kansa ya ƙare, sannan wani ɗan garinsu ya yi masa hanyar gadin wani fili a bayan Ikorodu, wajen hanyar Ijede. Ƙaton fili ne da aka zagaye da bulo, ba komai ciki sai ɗakin kwano ɗaya da ciyawar da ta shanye mutum. Baba ya ce idonsa ba zai iya ganin ƙasa mai laushi haka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, a bar ta tana kiwon macizai ba. Da ya je ganin gida sai ya shiga garkar mahaifinsa ya saro itacen rogo dami guda, ya naɗe gindin da jiƙaƙƙen buhu, ya haye saman tirelar albasa da shi. Kwana uku suna hanya. Duk inda aka tsaya, daga Tegina har Jebba har Ilori, sai ya yayyafa wa buhun ruwa kafin shi ya sha.

Rogon Kurmi yawancinsa na gari ne, mai ɗaci. Ba a cinsa haka nan, sai an fere, an gurza, an danne shi a buhu kwana biyu ko uku ya tsane ya yi tsami, kana a soya. A bayan katangarmu akwai gonar wata dattijuwa Bayarabiya da kowa ke kira Iya, aikinta ke nan ita da 'ya'yanta, daga safe har hayaƙi ya rine musu ido. Jan-hannu kuwa rogon ci ne. Ka fere ka jefa a tukunya, kafin ka gama daka yaji ya dare da kansa, fari fat, gari-gari, ba zare sai ɗan na tsakiya. Inna takan dafa shi da asuba, ta haɗa garin ƙuli, ta yanka albasa, yayana ya ɗauka a roba ya kai Sabo. 'Yan acaɓa da 'yan ga-ruwa da masu yankan farce, kafin hantsi ya ɗaga sun wawashe. Da kuɗin rogon nan aka saya mini takalmin makaranta na farko.

Har yanzu ina ganin Baba yana sarar iri. Yakan zaɓi itacen da ya ƙosa, ya bar ɗanyen kai da tsohon gindi, ya sare shi taƙi-taƙi, kowane guntu da ido biyar zuwa bakwai. Kafin ya soke shi a kunya sai ya karce ɓawon da farcen babban yatsa. In farin ruwa ya tsattsafo kamar nono, da ransa. In bai fito ba, ya wurga gefe ya zama makamashi. Wata rana ya ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "wannan da kike gani ba ɗan rogon kakanki ba ne, ba jikansa ba ne. Shi ne da kansa. Bai taɓa mutuwa ba, wuri kawai yake sakewa."

Amma akwai abin da ke hana shi barci. Manomin gero zai rataye zangarniyar iri a rufin ɗaki ta shekara, mai wake ya zuba nasa a tulu da toka ya liƙe baki. Shi kuwa irinsa ba ya ajiyuwa sai a ƙasa, ƙasar kuma ba tasa ba, zanen aro kuwa ba ya rufe katara. Shi ya sa ya sa wa furen ido. Mutane da yawa, har da masu noma shi, ba su san rogo yana yin ƙwaya ba. Yana yi. Daidai inda itacen ya rabu ya yi rassa, nan ƙananan furanni ke fitowa, ƙudan zuma na ta shawagi a kansu da rana tsaka. Sai ƙwallo ya ɗauru, kore, kamar magarya. Bayan wata biyu zuwa uku ya bushe, ran nan cikin zafin rana sai ka ji ƙas, ya fashe ya watsar da ƙwaya uku. Ƙwayar kamar ta zurma take, mai sheƙi da zane-zane, ashe ma dangi ne. Aikina ke nan ina ƙarama, in bi ƙarƙashin rogo ina tsinta. Baba yana zubawa a wata kwalbar zuma da ta ƙare, ya toshe da tsumma, ya tura ƙarƙashin gado kusa da takardunsa. Yakan ce, "Ko gobe aka kore mu, ga Jan-hannu a kwalba."

Aka kuwa kore mu. Cikin rani wasu mutane suka zo da masu awo, suka ce an sayar da filin, an ba mu mako guda. Mai abu ya karɓi abinsa, ba a ja. Sai dai saiwar rogo in ta bar ƙasa, kwana biyu ko uku ta fara baƙi a ciki. Muka tone abin da za mu iya, aka dafa aka rabar, aka shanya wani don alabo, sauran Iya ta saya. Ran na takwas katafila ta shigo. Baba ya ceci dami uku na itace, ya kai gidan wani abokinsa ya jingine su a tsaye a gindin mangwaro. Mu kuwa wata biyar muka yi a raɓe a ɗaki ɗaya a Sabo kafin ya sami wani gadin wajen Agbowa. Ranar da ya je ɗauko su ina biye da shi. Tumakin gidan sun cinye tohon, gara ta ci ƙasan, rana ta busar da saman. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da farce, ko guda bai yi ruwa ba. Ya aika gida, aka ce ai tun bayan rasuwar Kaka aka raba garkar, an yi gini a wurin.

Saura kwalba. Da ruwan farko ya sauka muka tara ledojin ruwa, muka cika da ƙasa, muka sa ƙwaya ɗai-ɗai. Sun fi ɗari, talatin da 'yan kai suka tsiro. Tun suna ƙanana Baba ya fara shiru. Wannan ganyensa sirara kamar yatsu, wancan faffaɗa. Wani hannunsa kore shar, wani jaja-jaja. Wani ya miƙe sambal, wani ya barbaje tun daga gwiwa. Duk daga uwa ɗaya, daga kwalba ɗaya. Ya tsaya a kansu ya ce, "Albasa ba ta yi halin ruwa ba." Abokansa kowa da fassararsa, wani ya ce ƙasar Kurmi ce ke juya iri, wani ya ce hannu aka sa masa. A cikinsu akwai guda mai jan hannu sosai, shi Baba ya ƙwallafa wa rai. Ya yi masa shinge, kullum da safe sai ya leƙa shi.

Ina 'yar shekara tara lokacin, na ƙagu in ga Baba ya yi dariya. Wata Juma'a ya tafi masallaci, Inna tana wanki, na ɗauki fartanya na tono saiwa biyu daga gindin mai jan hannun, na ja ƙanena muka gasa a bayan ɗaki. Nufina in ɗanɗana, in tare shi a ƙofa da albishir. Bai gasu sosai ba. Na ji ɗaci-ɗaci a bayan harshe, na ce ƙauri ne, na dangwali yaji na ci gaba. Ƙanena ya gatsa sau ɗaya ya tofar, Allah ya kiyaye shi. Kafin la'asar kaina ya fara sarawa, jiri na ɗibata, amai ba tsayawa. Abin da nake iya tunawa shi ne kaina a kafaɗar Baba a kan acaɓa, yana ta kiran sunan Allah, ga rigarsa ta Juma'a duk na ɓata ta. Kwana biyu ana yi mini ƙarin ruwa. Kallon kitse muka yi wa rogo, ni da shi duka. Jan hannun kawai ya gado, cikinsa guba ce.

Da muka dawo gida ya ɗauki adda ya sare su kaf, ya tara ya cinna wuta. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan. Bai dake ni ba, ko faɗa bai yi mini ba, kansa ya ɗora wa laifin. Daga shekarar ya koma shuka rogon gari kamar kowa, sunan Jan-hannu ya daina fitowa a gidanmu. Ni kuwa tambayar ta tsaya mini a wuya: yaya uwa mai daɗi za ta haifi ɗa mai kisa?

Sai a jami'ar noma ta Abeokuta na sami amsa, ina aji biyu. Malaminmu ya zana furen rogo a allo. Ya ce a gindi ɗaya akwai fure mace akwai namiji, amma matan sukan riga mazan buɗewa da mako ɗaya ko biyu, don haka sau da yawa bununin da ke sauka a kansu daga wani gindin zuma ke kwaso shi. Ina zaune sai ga katangarmu ta Ijede a idona, ga gonar Iya a bayanta, ga zuma tana ƙetarowa. Ashe uban 'ya'yan kwalbarmu rogon gari ne. Ya ƙara da cewa ko da rogo kansa ya yi wa barbara, 'ya'yan ba za su fito iri ɗaya ba, domin kowane gindi yana ɗauke da gado biyu mabambanta, kuma kowace ƙwaya sabon rabo ake yi mata. Ɗacin kuwa wani sinadari ne mai sakin gubar sayanayid. Kowane rogo yana da shi, yawan ne ya bambanta. Shi ya sa na ci dahuwa ta ishe shi, na gari kuwa sai an sha wahalar da Iya ke sha. Na fito daga aji na kira Baba a waya ina kuka. Na ce, "Baba, ba hannu aka sa ba, ba kuma laifinka ba ne. Zuma ce." Ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya yi miki albarka."

A shekararmu ta ƙarshe aka kai mu IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1967. A can na ga ma'aikata suna bin furannin rogo da 'yan jakunkunan yadi, su rufe mace tun ba ta buɗe ba don kada zuma ta riga su, su ɗauko namijin da suka zaɓa su goga mata da hannu, daga baya su sa wa ƙwallon raga don kada ƙwaya ta tsere in ya fashe. Na ga fili guda na dubban tsirrai, kowanne da kamarsa, tamkar ledojinmu na Agbowa. Abin da ya kusa kashe ni shi ne jarin mai ƙirƙiro iri, don cikin dubban nan yake laluben guda ɗaya da ya fi iyayensa. In ya same shi sai ya koma wa hanyar Baba, sara da dashe, domin ita kaɗai ke riƙe iri yadda yake. Haka aka sami irin rogon da ake kira TMS 30572 da ya cika gonakin Kudu, a ƙarƙashin Dakta Sang Ki Hahn, mutumin Koriya da ya kama aiki a cibiyar a 1971. Kowane sabon iri aikin shekara takwas zuwa goma ne.

Sara da dashe kuma akwai wahalarsa, duk manomin rogo yana shan ta. Kadada ɗaya tana cin gindi 10,000, wato dami 50 zuwa 60 na itace, sai an nemo mota. Masarar da za ta shuke wannan filin ba ta wuce kilo 20 zuwa 25 ba, a ka za ka ɗauka. Ƙwayar masara ɗaya tana mayar da ɗaruruwa cikin wata huɗu, gindin rogo kuwa sai ya shekara ya ba ka guntu goma. Ga bushewa a hanya. Ga kuma babbar, cuta. Ciwon nan da ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya murɗe, wanda masana ke kira mozayik, Baba kuma yake ce masa kuturta, wani ɗan mitsitsin farin ƙuda ne ke yaɗa shi, amma da zarar ya shiga gindi, duk guntun da aka sara daga jikinsa yana iya tashi da shi. Maƙwabci ya ba maƙwabci iri don zumunci, ya haɗa masa da ciwo bai sani ba. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma da faɗin ƙasa muke samun hakan, domin a matsakaici kadada ɗaya ba ta ba da tan 10, alhali tana iya ninka hakan sau biyu ko uku. Ƙwaya kuwa ba nauyi, tana ajiyuwa, kuma masana sun daɗe da lura cewa wannan ciwon ba ya bin ta. Aibinta dai ba ta riƙe amana.

A wannan tafiyar na fara jin kalmar afomiksis. Ma'anarta tsiro ya yi ƙwayar da ɗan cikinta daga jikin uwa kaɗai ya fito, ba rabon uba a ciki, ko da bununi ya sauka. A ido ƙwaya ce, a gado kuwa daidai take da guntun itace. Wato dai abin da Baba ya zaci yana tarawa a kwalba. Ba ƙirƙirar ɗan'adam ba ce, Allah ya halicci tsirrai sama da 400 a haka, cikinsu har da lemo iri-iri, da wasu mangwarori, da wasu ciyayin kiwo. Amma manyan abincinmu, dawa da masara da shinkafa da wake, babu mai wannan hali yadda za a dogara da shi.

Cikin waɗanda suka fi daɗewa suna neman sa a jikin rogo akwai wani Bamasare, Farfesa Najib Nassar, da ya koma Birazil tun shekarun 1970, ya koyar a jami'ar babban birninsu. Can ne asalin rogo. Turawan Fotugal ne suka ƙetaro da shi Afirka a ƙarni na 16, kuma 'yantattun bayin da suka dawo daga can a ƙarni na 19, irin waɗanda suka zauna a unguwar Popo Aguda ta tsibirin Legas, suna cikin waɗanda suka yaɗa sanin tuyar gari a wannan yanki. A dazukan Birazil har yau akwai 'yan'uwan rogo na jeji. Nassar ya shafe shekaru yana tattaro su yana haɗa su aure da rogon gida, ya kuma ba da rahoton cewa a cikin zuriyar ya sami ƙwayoyin da suka fito sak uwarsu. Sai dai kaɗan ne cikin ɗari, sauran duk 'ya'yan barbara. Manomi ba zai shuka gona a kan haka ba, ni shaida ce kan abin da ƙwaya ɗaya mai ɗaci za ta iya yi. Sai an yi ta zaɓe, zuriya bayan zuriya, har kason ya hau.

Da na zo hutu na so in yi wa Baba bayani, Turancin ya ƙi juyuwa. Na ce masa ƙwaya ce da ba ta da uba, ya ɗaure fuska ya ce in daina irin wannan magana. Sai na zaga inda yara ke zubar da ƙwallon mangwaro, na tono wani da ya tsiro, irin ƙananan nan masu zare, na wanke na ɓare a gabansa. Tsiro huɗu ne a ƙwallo ɗaya, kowanne da saiwarsa, a cukurkuɗe da juna. Na ce, "Baba, a cikin nan ɗaya ne kawai ake sa ran ɗan barbara ne. Sauran jikin uwar ne, kamar yadda kake sarar rogo. Shi ya sa wannan mangwaron ko'ina aka shuka shi ɗanɗanonsa ɗaya, ba sai an yi masa aure ba." Ya karɓa ya daɗe yana jujjuya shi a tafin hannu. Ya ce, "Ikon Allah. To shi rogo me ya hana shi?" Na ce abin da ake nema ke nan. Ya ce, "Uwata, in sun samu, ki ce su tuna da na ci. Masu gari suna da mai tsaya musu."

Tun daga nan ban daina bin labarin ba. A ƙarshen 2018 masana a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka nuna cewa in an dakatar da aikin wasu ƙwayoyin gado uku, wato 'yan abubuwan cikin jikin tsiro da ke ɗauke da halin da ake gada, aka tayar da wata guda a cikin ƙwan furen, shinkafa za ta yi ƙwaya sak uwarta. A 2022 aka kai inda sama da kashi 95 cikin 100 ke fitowa haka. An kuma ƙaddamar da shirin Hy-Gain a ƙarƙashin jagorancin jami'ar Queensland ta Ostireliya, domin neman haka a dawa da wake don manoman Afirka. Duk wanda ya taɓa sayen masara haibirid, wato irin da aka samar ta haɗa iri biyu aure, ya san zafin abin, bana ta yi kyau, ka ajiye irinta ka shuka baɗi ta watse, dole ka koma kanti.

Na san mutanenmu da yawa suna ɗar-ɗar da duk irin da aka ce an taɓa masa ƙwayoyin gado, kuma ban ga laifin mai tambaya ba. Haƙƙinsa ne a yi masa bayani da harshensa, a gwada abu a fili kafin a kai masa. Ni abin da nake dubawa shi ne a hannun wa iri zai kwana. Irin da manomi zai sa a aljihu ya gudu da shi ranar da katafila ta zo, ko ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, wannan ne nasa. Ba na kuma yaudarar ɗalibaina, rogo ya fi shinkafa wuya. Irin da manoma suka fi so, masu miƙewa ba reshe kamar TME 419, su ne ba sa son yin fure. Wanda ya yi furen ma ƙwaya uku kacal ce a ƙwallo. Tsiron ƙwaya kuma da doguwar saiwa guda yake farawa, ba ya zuba kamar na dashe. Yau ba shagon da za ka shiga ka sayi irin wannan ƙwayar rogo.

Shekara uku da suka wuce wata gwaggona da ke aure a wani ƙauye gaba da Bichi ta zo mana biki. Cikin hira ta ce ai ita tana da wani tsohon rogo a bayan ɗakinta, tun na garkar mahaifinsu, awaki ma sun kusa gamawa da shi. Da ta koma ɗanta ya turo mini hoton ganyen ta WhatsApp. Na miƙa wa Baba wayar. Ya kawo ta kusa da ido, ya nisanta, ya ce a ƙara wa hoton girma. Hannunsa na rawa.

Aka saro sanda ashirin aka ba wani direban tirelar albasa. Motar ta lalace a Mokwa, suka kwana shida a hanya. Na je Mile 12 da asuba na karɓo su, suna warin albasa, bakinsu ya bushe ya tsattsage. Baba ya zauna a tabarma da wuƙa, yana yanke busasshen yana karcewa da farce, har ya tsamo guntu goma sha ɗaya masu ruwa. Bakwai suka tsiro. Cikin bakwai ɗin uku suka fito da ganye a murɗe, dabbare-dabbare. Kuturtar ta biyo su tun daga bayan ɗakin Gwaggo.

A nan muka yi saɓanin da ba mu taɓa yi ba. Na ce sai an tumɓuke ukun an ƙone, in ba haka ba farin ƙuda zai kwasa ya kai wa sauran. Ya ce shekara ashirin yana jiran wannan rogo, ba zai ga an sake sa masa wuta ba. Kwana biyu yana amsa gaisuwata a daƙile. Ran na uku bayan sallar asuba ya ce, "Je ki yi abin da karatunki ya ce, amma kada in gani." Na tafi ni kaɗai na yi.

Huɗun da suka rage suka shekara lafiya. Ranar da aka tone na farko Inna ta dafa, ya dare a tukunya kamar da. Baba ya ce ba wanda zai kai baki sai shi ya fara. Ya ɓantari guntu ya ci gayansa, ba ƙuli ba yaji, muna tsaye muna kallonsa. Ya ce, "Shi ne."

Yanzu Jan-hannu yana wuri uku, gonar da nake haya wajen Agbowa, da lambun makarantarmu, da bayan wani masallaci a Sabo, don kada katafila ɗaya ta sake gamawa da shi. Duk wata sai na zaga su ina duba ganye. Bana ya yi fure. Baba, da ƙafa ba ta kai shi gona yanzu, ya sa jikokinsa suka tsinto masa ƙwayar, ya zuba a sabuwar kwalba. Na ce, "Baba, ka san fa ba za su fito shi ba." Ya ce ya sani. Ya ce in rubuta sunan in liƙa a jiki, in ƙara da cewa ba a ci sai an gwada, in ya so duk ranar da na sake zuwa Badun in tafi wa mutanen nan da ita, ko akwai abin da za su gani a ciki. Na rubuta da boko, shi kuma ya karɓi biron ya sake rubutawa da ajami a ƙasa. Kwalbar tana kan teburina, hutun wannan zangon nake jira.